Me ya sa babu mai iya faɗa maka shekarun da shimfiɗar rufin dekin za ta yi?

Tambaya: Ni ɗan kwangila ne, ina shirin rufe dekin ɗin wani gini da shimfiɗar hana yoyo. Wani dillali ya ce tasa za ta yi shekara 10, wani ya ce tasa 20, kuma kowanne da takardar gwaji a hannu. Shin akwai hanyar kimiyya da ake gane shekarun da irin wannan shimfiɗa za ta yi? Idan babu, me ya rage masu bincike su gano?

Amsa: Malam, takardar da suka nuna maka mai yiwuwa ba ta ƙarya ba ce, amma ba tambayarka take amsawa ba. Abin da take cewa shi ne an yanki ɗan falle an sa shi a tanderun gwaji ko a ƙarƙashin fitila na wasu makonni, an fito da shi bai tsage ba, ya haye ƙa'idar da aka gindaya. Tsakanin wannan da cewa zai yi shekara 20 a kan gininka akwai rata mai faɗi, kuma cike ratar nan shi ne aikin da masana kayan gini suka shafe fiye da shekara 40 suna fama da shi. An ci gaba sosai, amma ba a kai ƙarshe ba.

Kafin shekarun 1970, shimfiɗaɗɗen rufi a Amurka da Turai kusan iri ɗaya ne: a jera falle uku ko huɗu, a riƙa zuba narkakkiyar kwalta a tsakaninsu, a watsa tsakuwa a sama. An daɗe ana yin sa, don haka magini ya san lagonsa daga abin da ya gani da idonsa. Haka maginanmu na gargajiya suka san rufin soro: sun san sai an sake shafe shi da makuba kafin damina, ba don wani ɗakin gwaji ya faɗa musu ba, sai don kakanni sun ga abin da ruwa ke yi idan an bari. Rikicin man fetur na 1973 ne ya dagula lissafin. Kwalta ta yi tsada, aka fara shimfiɗa abin tare zafi mai kauri a ƙarƙashin rufi don rage kuɗin wuta, sababbin kaya kuma suka cika kasuwa: robar EPDM, ledar PVC, kwaltar da aka gauraya da wani sinadarin leda mai suna APP wadda ta fito daga Italiya a shekarun 1960, da wadda aka gauraya da wani sinadarin roba mai suna SBS, daga baya kuma ledar TPO a farkon shekarun 1990. Babu ɗayansu da ke da tarihin shekara 20 a kan rufi a lokacin da aka fara sayar da shi da alƙawarin shekara 20. Daga nan ne Hukumar Ƙa'idoji ta Amurka, wadda ta koma NIST a 1988, da ƙungiyoyin masu binciken gini na duniya irin su CIB da RILEM suka duƙufa kan wannan tambayar taka.

Abin da ya faru da waɗannan kayan shi ne ya nuna inda ilimi ya gaza. PVC a asalinsa abu ne mai tauri, irin na bututun ruwa. Don ya zama leda mai lanƙwasuwa ana zuba masa sinadarin laushi mai yawa, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Wannan sinadarin ba a ɗaure yake ba, yana fita a hankali, musamman idan ledar ta sha zafi ko ta taɓa kwalta. A shekarun 1980 rufin PVC marasa ragar ƙarfafawa a ciki suka riƙa tarwatsewa a Amurka cikin dare ɗaya na sanyi, tsaga ta ratsa rufin daga wannan gefe zuwa wancan, har ƙungiyoyin masu aikin rufi suka fitar da gargaɗi a 1990. Ledar ta haye gwajin da aka yi mata tana sabuwa. Ba a auna abin da zai kashe ta ba ne.

Na EPDM ya fi ba ni darasi. Robar kanta tana da juriya ƙwarai, baƙin garin gawayin da ke cikinta yana kare ta daga hasken rana. Amma rufin ya riƙa yoyo, kuma kusan kullum daga mahaɗa, wato inda falle biyu suka hau juna aka manne su da gam. A ɗakin gwaji ana kama mahaɗar da inji a fizge ta cikin minti ɗaya, a rubuta ƙarfinta, sai a ga lamba mai kyau. Masu bincike a NIST, ciki har da Walter Rossiter da Jonathan Martin, sai suka sauya salo. Suka yanka mahaɗar siriri-siriri, suka rataya wa kowace ɗan ƙaramin nauyi da bai kai ya ɓalle ta nan take ba, suka sa agogo, suna jiran ranar da za ta saki. Nan ne asiri ya tonu. Mahaɗar da gam ɗinta ya yi siriri, ko wadda ba a goge ƙurar robar da kyau ba kafin a manna, tana saki da wuri ƙwarai, ko da ƙarfinta a gwajin fizga bai nuna wani babban bambanci ba. Kuma nauyin da ke ɗaye mahaɗa daga baki ya fi wanda ke jan ta a tsaye saurin kashe ta nesa ba kusa ba. A kan rufi kuwa babu mai fizgar mahaɗa sau ɗaya. Iska ce ke ɗaga bakinta kaɗan-kaɗan, robar kuma tana ƙanƙancewa tana ja, shekara da shekaru. Daga baya masana'antar ta koma amfani da tef na musamman wanda kaurinsa daidai yake tun daga kamfani.

To, me ya rage? Abu na farko da har yanzu ba a daidaita a kansa ba shi ne ma'anar mutuwar rufi. Mai gida yana cewa rufi ya mutu ranar da ya ga digo a silin. Kamfani yana cewa bai mutu ba, wurin bututu ne kawai ya buɗe, a liƙe. Mai bincike kuma yana son lamba: kashi nawa na miƙewar robar ya ragu, ko a wane sanyi fallen ke tsagewa idan an lanƙwasa shi. Wannan gwajin lanƙwasawar yana da amfani ga shimfiɗar kwalta, wadda masu aiki ke ce wa felt. Sabuwa mai SBS tana iya lanƙwasuwa a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili ba ta tsage ba, tana tsufa kuma wannan lambar tana hawa sama. Amma a wace lamba ce yoyo ke farawa? Sai an haɗa abin da ake aunawa a jikin fallen da abin da ke faruwa a kan gini kafin a ce lambar ta zama hasashe, kuma wannan haɗin yana da rauni ga yawancin kayan.

Babban gibin, a ganina, yana wajen gwajin gaggawa. Dabarar ita ce a tsananta wa fallen zafi da haske da ruwa don ya tsufa cikin makonni. Ginshiƙinta ƙa'idar Arrhenius ce ta 1889, wadda a taƙaice ake cewa ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin lalacewar sinadari. Ƙa'idar gaskiya ce muddin hanyar lalacewar ba ta sauya ba. Matsalar ita ce tana sauyawa. Idan zafi ya yi yawa, iskar oksijin da ke cin robar tana ƙarewa a fatar sama kafin ta ratsa ciki, sai fallen ya zama kamar ƙosai a man da ya yi zafi fiye da kima: baya ya ƙone, ciki ɗanye. Ka auna shi ka ga yana da sauran ƙarfi, alhali a kan rufi, inda abin ke tafiya a hankali, iskar tana samun lokacin shiga har tsakiya. Ga kwalta kuma akwai iyaka, idan ka wuce wani zafi ba tsufa take yi ba, narkewa take yi. Haka batun haske: ana ɗauka cewa ninka ƙarfin fitila sau biyu daidai yake da ninka kwanaki sau biyu. Ga wasu kayan haka ne, ga wasu ba haka ba ne, kuma dole a gwada kowanne. Don wannan ne NIST ta ƙera wata na'ura mai suna SPHERE, ƙwallo mai faɗin mita 2 da ke watsa hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, daidai wa daida zuwa ƙananan ɗakuna, kowanne da zafinsa da laimarsa da aka ƙayyade, don a raba ɓarnar haske da ta zafi da ta danshi. Tsofaffin injinan gwaji suna cakuɗa su wuri ɗaya, shi ya sa idan wani ya ce maka awa 1000 a injinsu daidai yake da shekara kaza a waje, ka tambaye shi: a wane gari, a kan rufi mai wane launi?

TPO ya tabbatar da wannan. Ƙa'idar Amurka ta ASTM D6878 da ta fito a 2003 ta nemi a gasa fallen kwana 28 a digiri 116 na ma'aunin Salshiyas. Sai aka fara samun rahoton rufin da ke tsagewa da wuri a wuraren da zafi ke taruwa, kamar gindin bango mai sheƙi ko kusa da tagar gilashi da ke maido da hasken rana. Rayuwar TPO tana rataye ne a kan sinadaran kariya da aka zuba masa, suna ƙarewa a hankali ba tare da ido ya ga komai ba, ranar da suka ƙare kuma lalacewa ta zo da gudu. A 2011 aka mayar da gwajin kwana 224. Ninki takwas ke nan, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda lambar farko ta yi nisa da abin da rufi ke gani.

Nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Yawancin shimfiɗar da ke shigowa kasuwanninmu an gwada ta ne da ƙa'idojin Turai ko na Amurka. A ƙa'idar Turai ta EN 1296 ana ajiye shimfiɗar kwalta a digiri 70 na makonni 12, wani lokaci 24, a matsayin tsufan gaggawa. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai iska kanta tana wuce digiri 40 a watan Afrilu, baƙar shimfiɗa kuwa a irin wannan rana tana kaiwa digiri 70 zuwa 80. Wato abin da suka ɗauka a matsayin tsanantawa, a wurinmu azahar ce ta bazara. Gaskiya ne tanderu dare da rana yake aiki, rufi kuma yana hucewa da dare. Amma yi lissafi: makonni 12 awa 2000 ne da 'yan kai. A ce rufin yana kai wannan zafin awa 3 a rana na rabin shekara kawai, kafin shekara 4 ya cinye awannin gwajin duka. Ban ce zai mutu a shekara 4 ba. Na ce daga nan takardar ba ta da sauran abin faɗi a kansa.

Kuma ba zafi kaɗai ba. Rufin da ya yini yana gasuwa, hadarin farkon damina ya taso da iska mai ƙarfi, ruwan sanyi ya sauka a kansa cikin 'yan mintuna, fallen ya tsuke da sauri fiye da kankaren da ke ƙarƙashinsa. A hunturu dare ya yi sanyi, rana ta yi zafi, iska ta bushe ƙayau. Ƙurar hunturu ma tana da fuska biyu: tana rufe fallen daga hasken rana, amma tana dusashe farin rufi ya riƙa shan zafi, tana toshe indararo, idan ruwa ya zo kuma ta zama laka mai riƙe danshi. Hukumar da ke auna sheƙin rufi a Amurka tana shanya samfura shekara 3 a jihohin Arizona da Florida da Ohio kafin ta ba da lambar sheƙin da ya rage musu bayan tsufa. Arizona ta fi kusa da mu wajen zafi da bushewa, amma ba ta da irin hunturunmu. Abin da ake buƙata a nan ba mai tsada ba ne: a sa na'urar auna zafi a jikin fallen kansa, ba a inuwa ba kamar yadda ake auna yanayi, ta riƙa rubutawa kowace awa tsawon shekaru, a kafa filayen shanya samfura a garuruwa masu yanayi daban-daban, a riƙa yankar su ana aunawa duk shekara. Aiki ne da sassan koyar da gini na jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero, da cibiyar binciken gini da hanyoyi ta Najeriya, wato NBRRI, za su iya ɗauka, kuma ina ganin ya fi sayen kowane injin gwaji amfani a matakin farko.

Sai batun hannu. Ka hau dekin ɗin da aka yi wa felt shekara biyu da suka wuce da rana tsaka, sau da yawa za ka tarar da ƙuraje a jikinsa, wasu kamar tafin hannu, wasu kamar faranti. Ka taka ɗaya ka ji yana motsi, ka yanka shi da wuƙa ka ga ƙasan a jiƙe, kankaren ya yi baƙi, fallen bai taɓa kama shi ba a wurin. An ƙona shimfiɗar ne a kan kankaren da bai gama bushewa ba. Danshin da aka kulle ya zama tururi da rana, ya ɗaga fallen, da dare ya lafa, gobe ya ƙara faɗi. Fatar da ke saman ƙurjin tana miƙewa, ƙananan tsakuwar da ke kare ta suna zubewa, rana ta same ta tsirara. Ka duba mahaɗa kuma: inda mai wutar gas ya yi sauri, bakin yana ɗagowa da farce, inda ya daɗe kuma ya ƙone ragar foliyesta da ke ciki. Ga gindin farafet inda fallen ke hawa bango, ga bakin bututu, ga ƙafar tankin ruwa, ga ƙusar mai kafa dish ko sola da ya zo bayan an gama aiki. Daga waɗannan wuraren yawancin yoyo ke farawa, ba daga tsakiyar falle ba, amma tsakiyar falle ake kaiwa ɗakin gwaji. Ana buƙatar gwajin da zai ɗauki rufin gaba ɗaya, da kankarensa da gam ɗinsa da mahaɗarsa, ya tsufar da su tare. Masu bincike a Kanada sun yi irin wannan ga iska, inda suke ɗaga rufi su sake shi sau dubbai a kan babban teburin gwaji, har ya zama ƙa'idar CSA A123.21. Yin haka ga rufin da ya riga ya sha zafi da rana shi ne mataki na gaba.

Saboda duk wannan, amsar gaskiya ba lamba ɗaya ba ce. Rufi ɗari da aka yi da kaya iri ɗaya ba za su mutu a shekara ɗaya ba. Injiniyoyin jirgin sama da na lantarki sun daɗe suna amfani da lissafin Weibull, wanda ke cewa kashi kaza za su lalace kafin shekara kaza, kuma haka ya kamata a riƙa faɗin rayuwar rufi. Ƙa'idar ISO 15686, wadda kashinta na farko ya fito a 2000, ta kawo hanya mai sauƙi da aka aro daga Japan: ka ɗauki shekarun da aka saba gani, ka ninka da maki na ingancin kaya da na aiki da na yanayi da na kulawa. Misali shekara 20, ka ba aiki 0.8, ka ba yanayi 0.8, ka samu 12.8. Tana taimakawa wajen tunani, amma makin daga ina? Idan daga kan mutum ya fito, sakamakon ra'ayi ne da aka rubuta da lambobi.

Makin gaskiya daga rufin gaske yake fitowa, kuma nan ne aka fi talauci. Sashen injiniyoyi na sojan Amurka ya ƙirƙiro tsarin ROOFER, inda ake hawa kowane rufi a ƙirga aibobinsa a ba shi maki daga 0 zuwa 100, a maimaita bayan 'yan shekaru. Hukumar bincike ta Kanada ta yi aikin BELCAM a ƙarshen shekarun 1990, tana tattara irin wannan bayani don lissafa yiwuwar rufi ya sauka daga wani mataki zuwa na ƙasa. Masu gine-gine da yawa ne kaɗai ke iya wannan, kuma ko su suna cin karo da matsala guda: kafin ka gama bibiyar wani falle shekara 15, kamfanin ya sauya haɗinsa, sunan yana nan amma kayan ba shi ba ne. Bayanan da kamfanoni ke tarawa daga ƙorafin garanti kuma ba sa fitar da su. Don haka ana buƙatar hanyar ɗaukar hoton sinadaran falle tun yana sabo, a san ko na bana shi ne na bara, da kuma hanyar auna sauran kwanan rufi a inda yake ba tare da an farke shi ba. Kyamarar da ke ganin zafi tana nuna inda ruwa ya riga ya shiga, amma ba ta faɗin yawan sinadarin kariyar da ya rage.

Kai kuma da aiki ke gabanka, kada ka ɗauki garanti a matsayin hasashe. Yarjejeniyar kasuwanci ce, ka karanta abin da ta cire, domin sau da yawa ruwan da ya kwanta a kan rufi da aikin da wani ya yi daga baya ba sa ciki. Ka tambayi kowane dillali APP ce ko SBS, domin APP ta fi jure zafi kafin ta yi laushi, shi ya sa aka fi son ta a ƙasashe masu zafi. Ka tambayi kaurinta da irin ragar da ke ciki, ka nemi sakamakon gwajin bayan tsufarwa, ba na sabon falle kaɗai ba. Ka ce ya kai ka ginin da aka yi da kayan nan shekara 8 ko 10 da suka wuce a gari mai yanayi irin naka, ka hau da kanka. Ka ba dekin gangara zuwa indararo, ka bar kankare ya bushe sosai, ka rufe baƙin falle da tsakuwa ko tayil ko fenti mai haske, domin duk digirin da ka rage masa kwana ka ƙara masa. Idan an gama, ka rubuta sunan kayan da lambar nadin da ranar aiki, ka yanki ragowar falle ka ajiye a inuwa, ka riƙa hawa kana dubawa da ɗaukar hoto kafin damina da bayanta. Ranar da ake son sanin yadda rufin ya tsufa, da wannan ragowar za a gwada yankin da aka ciro daga sama.